Chiacchiere ba tare da giya ba, kuma a obin

'Yar'uwa, kin ce yaranki sun dame ki da chiacchiere, soyayyen kwaɓin nan mai garin suga da ake cika shaguna da shi a Italiya lokacin bikin Karnibal, kina tambaya ko zai yiwu ba giya, kuma a gasa maimakon a soya. Zai yiwu sarai. Inda masu girkin suka ce cokali biyu na grappa, wato giyar Italiya da ake zubawa a kwaɓin, ki zuba ruwan lemon zaƙi daidai wannan, ki ɗan kankare ɓawonsa a ciki. Obin ya kai digiri 180, minti 10 ya isa, amma ki riƙa leƙawa.

Sharaɗin ɗaya ne: murzawa. Ki bar kwaɓin ya huta rabin awa a rufe, sannan ki murza shi har ki fara hango yatsunki ta ciki. Karon farko da na yi a birnin Padova na Italiya, na bar shi da kauri irin na cincin ɗinmu, ya fito kamar katako, maigida ya ci guda ɗaya ya yi shiru. Gasasshe dai ba ya yin ƙurajen nan masu ƙaras-ƙaras kamar na mai. Garin sugan kuma sai ya huce tukuna, in ba haka ba narkewa zai yi.