Yaushe diyyar hatsarin babur take fitowa?

Ɗana, ka tambaye ni abin da za ka gaya wa mutumin da mota ta kaɗe a kan babur, idan ya zo ofis yana so ya ji ranar da diyyarsa za ta fito. Kada ka yanka masa rana. Fara tambayarsa abin da likita ya ce, domin ciwon ne yake ja wa fayil lokaci.

Wanda ya samu ƙujewa da targaɗe, ya yi sati biyu ya koma bakin nemansa, in takardunsa sun cika, wata biyu ko uku sun isa a sallame shi. Karaya kuwa maganarta daban. Ƙashin ƙwauri, wanda yake yawan shan wahala a hatsarin babur, yakan ɗauki wata uku zuwa shida kafin ya haɗe, in kuma ya huda fata ya fito, abin yakan zarce haka. Sai ya haɗe sannan likita zai iya cewa ƙafar ta dawo daidai, ko ta gajarce, ko gwiwa ta daina lanƙwasuwa. Da wannan magana ta likita ake auna diyya. Shi ya sa nake ce wa mai karaya ya sa ransa a wata shida zuwa shekara. Mai buguwa a kai ya fi haka jira.

A nan nake so ka buɗe kunne da kyau. Idan kamfanin inshora ya amince zai biya, yakan kawo takardar sallama, wadda sa hannu a kanta yake nufin mutum ya karɓi haƙƙinsa gaba ɗaya, babu sauran magana. Mutumin yana kwance, gida babu cefane, wataƙila babur ɗin ma na bashi ne. Ko nawa aka miƙo masa zai karɓa, kuma ban ga laifinsa ba. Amma bayan wata huɗu sai likita ya ce ƙashin bai kama ba, sai an sake aiki, a lokacin kuwa ƙofa ta riga ta rufe. Sauri ya haifi nawa ke nan. Abin da nake yi shi ne in nemi mai motar ko kamfaninsa su fara ɗaukar kuɗin asibiti, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan somin-taɓi ne, lissafin ƙarshe sai an ga rahoton likita.

Jinkirin da yake hannunka kuwa na takardu ne. Tun ranar farko ka nemi rahoton 'yan sanda, lambar motar, hoton wurin, da sunan ko da mutum ɗaya da abin ya faru a gabansa. Ka danna *565*11# a waya, ka sa lambar motar, ka ga ko inshorarta tana cikin rumbun bayanan kamfanonin inshora. Takardun bogi sun yi yawa, kuma babu abin da ya fi ciwo kamar a yi wata uku ana bin kamfanin da bai taɓa sanin motar ba. Ka kuma fahimtar da mai babur cewa inshorarsa ta naira 3,000, wadda NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora, ta tsayar daga Janairun 2023, ba ta biyan rauninsa shi kansa. Wanda shi mai babur ɗin ya kaɗe take biya. Nasa haƙƙin yana wuyan kamfanin motar da ta buge shi.

Mutanenmu da yawa daga wurin hatsari gidan mai ɗori suke wucewa. Ba na raina masu ɗori, amma ba sa ba da rasit, ba sa ɗaukar hoton ƙashi, kamfani kuma da takarda yake aiki. Ka lallashi dangi su kai shi asibiti, irin na ƙashi na Dala a Kano ko babban asibitin da ya fi kusa, a buɗe masa kati, a ɗauki hoto, a adana kowane rasit komai ƙanƙantarsa.

Za ka ji ana cewa doka ta ce kamfani ya biya cikin kwana 90. Dokar inshora ta 2003 ce ta faɗi haka, amma inda kamfani ya amince da biya, daga ranar fitar da takardar sallama ake ƙirgawa, ba daga ranar hatsari ba. A shekarar 2025 aka sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbinta, ka nemo ta ka karanta sashen biyan diyya da idonka. Kamfanin da ya yi shiru bayan takardu sun cika, ka rubuta ƙorafi zuwa NAICOM kafin ka yi zancen kotu.

Kotu sai dole, don da ɗage zama da ɗaukaka ƙara, maganar shekaru ake yi. Sai dai kada neman sulhu ya sa ka yi barci, domin shigar da ƙara yana da wa'adi, kuma kowace jiha da nata. In motar hukuma ce, dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar. Irin wannan fayil ɗin, ka kai wa lauya a satin da ya shigo hannunka.