Wata takwas ina ciwon mara, gwaji bai nuna komai ba, ga gabana ya fara rauni

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 34, ina da aure. Wata takwas ke nan ina fama da wani ciwo a ƙasan marata da tsakanin maraina da dubura, wani lokaci har kan gabana. In na daɗe a zaune sai ya tsananta, haka ma bayan na yi inzali. An gwada fitsarina sau uku, an ɗauki hoton ciki, an ce ba a ga komai ba. Na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kala huɗu. Yanzu kuma gabana ba ya miƙewa yadda ya saba in na kusanci iyalina, alhali da asuba nakan farka in same shi a miƙe. Kullum zuciyata na raya mini cutar kansa ce, ko kuma na rasa mazakutata ke nan. Barci ma ya gagare ni. Me ke damuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Ban duba ka da hannuna ba, saboda haka sai wanda ya duba ka ne zai yanke hukunci. Amma yadda ka zayyano abin, ya yi daidai da wata lalura sananniya da muke kira daɗaɗɗen ciwon ƙugu na maza. Ana ba ta wannan suna ne idan ciwon ya kai wata 3 cikin wata 6 da suka wuce, kuma an bincika ba a samu wata cuta da za a ɗora wa laifin ba.

A da, kusan duk namijin da ya zo da irin kokenka sai a ce kumburin furostat ne. Furostat wani ɗan ƙululu ne a ƙarƙashin mafitsara, ya zagaye hanyar fitsari, shi ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi. A 1995 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Ƙasa a Amurka ta kasa wannan ciwo gida huɗu. Kashi na ɗaya da na biyu ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, kuma gwaji yakan nuna su. Na huɗu ba ya ciwo ma, a wajen wani binciken ake cin karo da shi. Na uku shi ne irin naka, kuma kusan mutum 9 cikin 10 masu wannan koke a nan suke. Ba a samun ƙwayar cuta a jikinsu, sau da yawa ma furostat ɗin lafiyarsa lau.

Ka ga dalilin da ya sa kala huɗu na magani ba su yi maka komai ba. Likita na iya gwada maganin ƙwayoyin cuta sau ɗaya a farkon ciwon, na mako 4 zuwa 6. In bai yi ba, maimaitawa ɓata lokaci ne. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya ba mazan da suka daɗe da ciwon wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna sifrofuloksasin na mako 6, kuma ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta samun sauƙi ba. Ga shi maganin yana da nasa illolin, har da raunana jijiyar agara. Ni dai shawarata, kada ka sha kala na biyar sai gwaji ya nuna ƙwayar da za a kashe, ko da wani ya rantse maka cewa sanyi ne ya yi maka yawa.

To daga ina ciwon yake fitowa? A ƙasan ƙugu akwai shimfiɗar tsoka wadda ta tashi daga ƙashin mara zuwa ƙashin gindi, ita ke tallafe mafitsara da dubura. Da ita kake riƙe fitsari da tusa, ita ce kuma ke harbawa lokacin inzali. Tsoka ce da ke ɗaurewa da kanta idan mutum ya tsorata ko ransa ya ɓaci, kamar yadda wani kan cije haƙora bai sani ba. Dunƙule hannunka da ƙarfi na minti biyar ka ji yadda zai yi. To ka ƙaddara tsokar da ta yi watanni a dunƙule. Zama yana danne ta, inzali yana sa ta ƙara matsewa, shi ya sa waɗannan biyun suka fi tayar maka da ciwon. Jijiyar da ke kai saƙo daga wannan wuri ita ce ke kaiwa daga gaba da fatar maraina da dubura, don haka ciwon yake yawo, yau nan gobe can. Idan abin ya daɗe kuma, jijiyoyin kansu sukan zama masu saurin kai ƙara, ɗan abu kaɗan sai ƙwaƙwalwa ta ji shi a matsayin ciwo. Hoton ciki ba ya nuna tsokar da ta ɗaure, gwajin fitsari ma haka. Ciwon gaskiya ne, ba raya wa kanka kake yi ba.

Maganar miƙewar gaba kuwa, kai da kanka ka kawo amsar a cikin tambayarka. Gaba yana miƙewa ne idan ƙananan tsokokin da ke cikinsa suka saki, jini ya kwararo ya cika shi. Wannan aiki na ɓangaren jijiyoyin da ke mulki lokacin natsuwa ne. Tsoro kuwa yana sa jiki ya fitar da wani sinadari mai suna adiranalin, wanda ke matse waɗannan tsokoki ya tsuke hanyar jinin. Mutumin da ya zo shimfiɗa yana lissafin "ko zai tashi, ko zan ji ciwo bayan an gama" ya riga ya kunna adiranalin kafin a fara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A cikin barci babu wannan lissafi, sai jiki ya yi aikinsa. Miƙewar asuba alama ce mai ƙarfi cewa hanyoyin jini da jijiyoyinka suna aiki. Duk da haka a auna maka hawan jini da sukari da kitsen jini, domin raunin gaba kan riga ciwon zuciya da ciwon sukari bayyana a wasu mazan.

Ciwo ya kawo fargaba, fargaba ta ɗaure tsoka ta hana miƙewa, rashin miƙewa ya ƙara fargaba, rashin barci ya sa komai ya fi zafi. Ta ko'ina aka yanke wannan zagaye, sauran sukan sassauta. Batun cutar kansa kuwa: kansar furostat ba kasafai take kama ɗan ƙasa da shekara 40 ba, kuma a farkonta ba ta cika zuwa da ciwo ba. Wadda ta fi shafar matasa ita ce ta maraina, ita kuma ƙullutu mai tauri take fitarwa, wanda hannun likita da hoto za su gano.

Ka koma wurin likitan mafitsara, ka roƙi ya duba tsokar ƙasan ƙugun da yatsa, ba furostat kaɗai ba. Na san akwai nauyi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ya taɓa wani wuri ka ji ainihin ciwon da ka saba ji, an gano bakin zaren. Daga nan sai likitan gashin ƙashi da motsa jiki wanda ya ƙware a wannan sashe, aikinsa ya koya wa tsokar saki. A kula: atisayen matse ƙasan ƙugu da ake yawan tallatawa don ƙarfin maza na iya ƙara maka ciwo, tsokarka ba ƙarin matsewa take buƙata ba.

A gida, ka kwanta rigingine minti goma safe da dare, ka ja numfashi ta hanci har cikinka ya taso, ka bar ƙasan ƙugun ya saki kamar za ka fara fitsari, sannan ka fitar a hankali. Zama cikin ruwan ɗumi na kwata ɗin awa yana taimakawa. Kada ka wuce minti arba'in a kujera ba ka miƙe ba, ka rage hawa sirdi mai tauri, ka yi tafiyar ƙafa kullum, kada ka bari bayan gida ya yi tauri har sai ka yi yunƙuri. Ka kuma daina taɓa wurin kowane lokaci don jin ko ciwon yana nan.

Akwai magungunan da likita zai iya zaɓa gwargwadon alamunka. In fitsari na wahalar fita, akwai irin su tamsulosin. In jijiya ce ta yi saurin kai ƙara, akan ba da amitiriftilin kaɗan da dare, yana kuma taimaka wa barci. Magungunan taimaka wa gaba miƙewa, wato tadalafil ko sildenafil, in an sha su na ɗan lokaci sukan maido wa mutum da ƙwarin gwiwa, kuma ba kasawa ba ce a sha su. Sai dai haramun ne a haɗa su da magungunan ciwon ƙirji masu naitiret, jini na iya faɗuwa ƙasa warwas. Ka guji magungunan ƙarfin maza da ba a san abin da ke cikinsu ba, an sha gano an zuba musu sildenafil a ɓoye. Ita kuma fargabar da ta hana ka barci a kai ta wurin masanin halayyar ɗan'adam. In za a ba ka maganin damuwa, ka faɗi matsalar shimfiɗar, domin wasunsu suna rage sha'awa ko jinkirta inzali.

Ka zaunar da maiɗakinka ka gaya mata. Mace in ta ga miji na kauce mata ba bayani, sai ta ɗauka ita ce ba a so. Ku amince ku yi 'yan makonni kuna kusantar juna ba tare da an ɗora wa gabanka jarrabawa ba.

Sauƙin yakan zo ne cikin watanni, da ranaku masu kyau da marasa kyau a cakuɗe, kuma dawowar ciwo na kwana biyu ba ya nufin an koma farko. Amma in ka ga zazzaɓi da rawar ɗari, ko jini a fitsari, ko fitsari ya ƙi fita, ko ruwa na fita daga gaba, ko ƙullutu ko ciwo mai tsanani farat ɗaya a maraina, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu ba ka jin taɓawa, ka tafi asibiti a ranar. Haka ma in damuwar ta kai ka fara tunanin cutar da kanka.