Sharhin Wasa Ne Ko Cin Naman Yaro?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mu Hausawa ne mazauna Jidda. Akwai yaron unguwarmu ɗan shekara 17 da wani kulob ya ɗaga zuwa babbar tawagarsa ta ƙwallon kwando. A wasansa na uku aka yi masa ƙeta saura daƙiƙu a tashi, aka ba shi jifa biyu, ya zubar da su duka. Tun daga ranar ake yawo da bidiyon a zaurenmu na WhatsApp, an laƙaba masa "Hannun Lagwani", ana cewa ba zai taɓa zama komai ba. Da na hana sai aka ce sharhi ne, ai a bainar jama'a ya yi wasa. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokanka sun riƙe gaskiya ta gefe ɗaya. Faɗin abin da ya faru a fili, cewa ya yi garaje ko tsaronsa da rauni, halal ne. Koci ma da zai faɗa wa shugabannin kulob cewa yaron bai nuna ba tukuna, nasiha ya yi.

Amma laƙabin haramun ne, babu kewaye-kewaye. A Suratul Hujurat, aya ta 11, Allah ya hana izgili da jifan juna da munanan sunaye, aya ta 12 kuma ta kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce. Fitowa gaban 'yan kallo ba ta halatta mutuncin mutum. Wanda ya yanko bidiyon don a yi dariya da wanda ya tura gaba duk suna da kamasho. Ku tuna wannan yaro zai shiga masallaci ya ji ƙananan yara suna kiran sunan a bayansa, mahaifiyarsa kuma za ta ji shi a gidan biki.

Cewa ba zai zama komai ba ita ce ta fi damuna, domin magana ce ba da ilimi ba, abin da aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hana. Wasa uku kacal! Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an gabatar da Abdullahi bin Umar ga Annabi (SAW) ranar Uhudu yana ɗan shekara 14, aka mayar da shi gida, ranar Khandaƙ yana da 15 aka karɓe shi. "Ba yanzu ba" aka ce masa, ba a rufe masa ƙofa ba. Haka da mutane suka soki naɗa Usama bin Zaid jagoran runduna, Annabi (SAW) da kansa ya kare shi, ya ce ya cancanta.

Don haka a goge bidiyon, a bar sunan, a tuba. Tun da maganar ta riga ta kai kunnensa, waɗanda suka fara su je su nemi afuwarsa, su kuma yabe shi a zauren da suka kunyata shi. Kai kuwa ka ci gaba da hanawa cikin lalama. In sun ƙi ji, fita daga zauren ya fi maka.

Wallahu a'alam.