Zanen tsuntsaye a bangon unguwa: daga ina za a fara?

Malam, ka tambaya yadda za ka zana tsuntsayen da sauyin yanayi ke barazana ga rayuwarsu a bangon unguwarku a Kano, kamar yadda ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon ta fara yi a birnin New York na Amurka a 2014.

Shawarata ita ce ka fara da tsuntsun da mutane suka sani. Gauraka ya fi dacewa a ganina, domin dattawa suna tuna yawansa a fadamun Hadejia da Nguru, waɗanda suka ragu saboda fari da kuma madatsun ruwan Tiga da Challawa. Ungulu ma ta yi ƙaranci ƙwarai, amma farauta da guba ne suka fi kashe ta, don haka kada ka ɗora wa yanayi laifin duka a rubutun da za ka sa ƙarƙashin zanen. Malaman ilimin halittu na Jami'ar Bayero za su taimaka maka wajen tantance wannan.

Kuskuren da na fi gani shi ne fara aiki ba tare da izinin mai gida da mai unguwa ba. Badala kuwa, wato tsohuwar ganuwar birnin Kano, kayan tarihi ce, kada ka kusance ta da fenti. Akwai kuma saɓanin malamai kan zana abu mai rai, saboda haka ka tuntuɓi malamin da unguwa ta yarda da shi, ka kuma nisanci bangon masallaci.

Ka yi aikin bayan damina, a kan bangon siminti da ya bushe sosai, domin danshi yana ɓare fenti.