Sikana zan saya, ko wayata ta isa?

Tambaya: Malam, ina da tulin takardun da aka buga da tafireta, da tsofaffin littattafai biyu. So nake su koma rubutun da zan iya gyarawa a kwamfuta ba sai na sake bugawa ba. In sayi sikana ne, ko in ɗauki hotonsu da waya?

Amsa: 'Yar'uwa, in shafi goma ne ko ashirin, kada ki ɓata kuɗinki. Ki shimfiɗa takardar inda haske yake daidai, ki riƙe wayar a saitinta sosai, kada inuwar hannunki ta faɗo kan rubutun. Amma tunda kin ce tuli, sikana ce maganin.

Sai dai ba iri ɗaya ba ce. Mai zuƙar takarda da kanta tana da sauri, sai dai takardar da ta tsufa ta yi laushi tana iya yagewa a cikinta, kuma littafi ba ya shiga. Ke mai shimfiɗaɗɗen gilashi ta dace da ke. Ki tambayi wane ido ke cikinta: mai CCD tana kama rubutun da ke kusa da ɗinkin littafi, inda shafi ke lanƙwashewa ya ɗaga daga gilashi, mai CIS kuwa a wannan wurin rubutun dusashewa yake yi.

Kada babbar lambar da aka rubuta a kwali ta ruɗe ki. Ɗigo 300 a kowane inci ya ishi manhajar karanta rubutu, wato OCR, wadda ke mayar da hoton shafi rubutun da za ki iya gyarawa. Sai in haruffan ƙanana ne ƙwarai ki kai 600. Ki zaɓi launin toka, ki adana hoton a tsarin PNG ko TIFF, don JPEG na cinye gefen haruffa.

Manhaja ba sai kin saya ba. Akwai Tesseract, wadda kamfanin HP ya fara ƙerawa, aka sake ta kyauta a 2005.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Manhajar da ba ta san Hausa ba takan mayar da ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, sai ki ga "ƙafa" ta zama "kafa", ma'ana ta sauya ba ki sani ba. Tafireta ma takan bar harafi a dushe, manhaja ta ɗauki 1 a matsayin l. Saboda haka ki fara gwada shafi uku, ki karanta su da asalin takardar a hannunki, kafin ki shiga sauran.