Ƙanwata mai IT a Birnin Kebbi, kada ki bar wurin tukuna

Wallahi ƙanwata, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce ke ɗalibar tattalin arziki ce, sati uku ke nan da fara IT, wato horon sanin makamar aiki da makaranta ke tura ɗalibai, a wata ma'aikata, amma ba abin da kike yi sai zaman benci da kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan, shin ki nemi canjin wuri? Kamar labarina kika ɗauko.

Nawa ya faɗo a 2023, daidai lokacin da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin kabu-kabu ya ninka, ni kuma kullum sai na fito don kawai a aike ni sayo fura da katin waya. Wata guda cur a haka.

Daga baya ogan sashenmu ya ce in riƙa zuwa kasuwa duk sati ina rubuto farashin shinkafa 'yar gida, gero, dawa da wake. Murna kamar an ba ni kujerar Makka. Babbar kasuwar Birnin Kebbi nake zuwa, wani satin har Jega, da kuɗin aljihuna, cikin damina. Masu hatsi da farko sun zaci 'yar haraji ce ni, sai da suka saba da fuskata suka fara faɗa min farashin gaskiya. Sati bakwai ina wannan wahala. Bawan Allahn nan ya karɓi lissafina, ya haɗa da na wani da ya rubuta nasa a kan tiya alhali nawa a kan mudu ne, bai tambaye ni ba, ya buga, ya sa sunansa shi kaɗai a bangon rahoton. Ranar taro wani babba ya ɗaga takarda ya ce yaya gero zai yi wannan tazara tsakanin kasuwanni biyu na jiha ɗaya? Ko ƙifta ido ogan bai yi ba ya ce, "Ranka ya daɗe, ai 'yar IT ce ta haɗa, ka san yaran yanzu." Ina tsaye a bakin ƙofa da tiren ruwan roba a hannuna. Kowa ya juyo. Wata mata har da dariya. Sunana bai isa ya hau bango ba, amma ya isa a kira shi da aka tashi neman mai laifi. Na je bayan ofis na yi kuka har kaina ya yi ciwo, washegari kuma ya amsa gaisuwata kamar ba abin da ya faru, har da cewa in miƙo masa jarida. Na yafe don Allah, amma har yau in na ga irin motarsa a titi sai gabana ya faɗi.

To duk da haka ban ce ki tafi ba. Wurin da za ki koma ma bencin ne ke jiranki, ga wahalar sabuwar takarda daga makaranta. Ki rabu da manya, ki nemi ƙaramin ma'aikacin da kwamfutarsa ba ta hutawa, shi ne mai aikin. Ni wani dattijo ne da ya kusa ritaya ya koya min Excel, kuma shi ya ce kada in ƙara rubuta lamba ban rubuta ma'auninta da kwanan wata a gefe ba. Ki kuma ajiye kwafin duk abin da kika miƙa, ko da hoto ne a waya.

Ki sauke kasafin kuɗin jiha daga intanet. Tun da shirin SFTAS na Bankin Duniya, mai ƙarfafa wa jihohi gwiwa su bayyana yadda suke sarrafa kuɗi, ya fara a 2018 jihohi suka shiga wallafa kasafi da rahoton aiwatarwa na kowane wata uku. Ki ɗora abin da aka ware wa manyan ayyuka kusa da abin da aka kashe, sannan ki duba nawa ne ke zuwa daga kason tarayya, inda jihohi 36 ke raba kashi 26.72 cikin 100, nawa ne kuma jiha ta tara da kanta. Abin da na gane a yamma ɗaya da waɗannan takardu ya fi zango guda na lacca. Ki riƙa bin rahoton hauhawar farashi na NBS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, duk wata, amma ki lura a 2025 sun mayar da shekarar ma'auni, wato shekarar da ake kwatanta farashi da ita, daga 2009 zuwa 2024, kada ki jera tsofaffin lambobi da sababbi kai tsaye, irin kuskuren mudu da tiya ne. In zamanki ya kai ƙarshen shekara, lokacin da ma'aikatu ke zuwa kare kasafinsu kafin a kai majalisa, ki roƙa a bar ki ki shiga ko riƙon takardu ne.

Af, kuma kada ki yarda wani oga ya ce zai rage miki hanya bayan an tashi. Innata ta ja min kunne kan wannan tun ranar farko, na ga amfaninsa. Ki tafi da abincinki daga gida ma.

Logbuk ɗinki, littafin da kike rubuta aikin da kika yi a IT, ki cika shi duk Juma'a a sa miki hannu, kada ki tara. Ni na tara na sati biyar, sai da na koma gaban mutumin nan na tsaya kusan awa guda yana waya kafin ya ɗauki biro.