Amosanin gaɓɓai idan ya shiga jijiyoyin jini: tambayoyinku da amsar likita

Likita, shekara 14 mahaifina yana fama da amosanin gaɓɓai, yatsunsa duk sun karkace. Yanzu baƙaƙen ɗigo sun fito a gefen faratansa, ga gyambo a ƙwauri ya ƙi warkewa, kuma silifas na suɓuce masa in yana tafiya.

'Yar'uwa, kada Baba ya ƙara kwana biyu a gida. A irin wannan amosanin garkuwar jiki ce ke yaƙar gaɓɓai, in ya daɗe wani lokaci sai ta koma kan bangon ƙananan jijiyoyin jini. Su kumbura, jini ya daina isa, nama ya fara mutuwa. Ɗigon farce kaɗai bai cika tayar da hankali ba. Silifas ɗin nan ne ya fi damuna: alama ce jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa ta rasa jini, in aka yi jinkiri ƙafar ba ta dawowa daidai. Jan ido mai tsananin zafi da rama su ma alamu ne. An fi ganin wannan ga wanda ya haura shekara 10 da cutar, musamman mai shan taba.

A asibitin koyarwa za a yi gwajin jini, wataƙila a yanki 'yar fata a duba. Ana farawa da prednisolone mai ƙarfi, a haɗa da cyclophosphamide ko rituximab, magunguna masu danne garkuwar jiki. Kafin nan dole a gwada ciwon hanta nau'in B da tarin fuka, don magungunan na iya tayar da su.

Wai methotrexate guba ne?

Malam, shi ne ginshiƙin maganin irin wannan amosanin gaɓɓan. A Turai da Amurka kumburin jijiyoyin nan ya ragu sosai tun shekarun 1990, kuma yawan amfani da methotrexate na cikin dalilan da ake kawowa. Haɗarin yana wajen sha. Sau ɗaya ake shansa a mako, tsakanin miligiram 7.5 da 25, sai folic acid a wata ranar daban. Shan sa kullum na kashewa. Kada a haɗa shi da Septrin, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta sha.

Ni tela ne, da safe ba na iya riƙe almakashi. In bar sana'ar?

Kada ka yi gaggawa, Malam. Sandarewar safiya kan kai awa guda, don haka jiƙa hannu a ruwan ɗumi minti 10, ka ɗage yanka zuwa hantsi. Naɗa ƙyalle a mariƙin almakashi ya yi kauri, keken ƙafa kuma a sa masa mota. Kumburin da aka bari watanni ba magani shi ke cinye gaɓa. Haɗin kemis mai dexamethasone yana kwantar da zafi, amma gaɓa na ci gaba da lalacewa a ƙarƙashi. In ka daɗe a kansa kada ka yanke shi rana ɗaya, likita zai rage maka a hankali.